Litinin Huɗu da Muka Ba Safiyya

Na fara ganin Safiyya ne a wani taron suna da aka yi can bayan unguwar Shifa a Riyad, a irin gidajen shaƙatawar nan da ake haya na yini guda in mutum yana da taro. Mata sun cika falo, kowa ta yar da abayarta ta fito da atamfarta, ana ta shewa kamar a gida. Ita kuwa tana tsaye a bakin kicin, jaririya ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa, ga wata 'yar shekara uku ta riƙe mata gefen zane, kuma a hakan take taya masu rabon abinci. Babu wanda ya sa ta, ita ta sa kanta.

Na ce, "Baiwar Allah, daga wane gari?"

Ta ce, "Daga Mani, ta ƙasar Katsina."

"Ai na ga alama. Ɗakin kara! Kara za ta kashe ku wata rana. Kawo ɗaya in riƙe miki."

"A'a, Yaya, ba komai wallahi."

Ni Bahaɗejiya ce, tsakaninmu da Katsinawa kuwa sai wasa, don haka ban tsaya jin ta bakinta ba, na fizge ta kafaɗar. Sai na ga hannun da ta riƙe yarinyar da shi ya ƙi sauka, ya tsaya a lanƙwashe, sai da ta sa ɗayan ta danna shi ƙasa. Ta yi dariya don kada in lura, amma na riga na gani. Sunana Jamilatu, ana ce mini Maman Kamil, shekarata goma sha huɗu a Riyad, kuma na san irin wannan dariyar don ni ma na taɓa yin ta.

A babban gida aka haifi Safiyya, gidan da ake ɗora tukunyar mutum talatin da wani abu. Can ta haifi 'yar farinta, Baraka, a ɗakin mahaifiyarta. Ta gaya mini cewa a kwana arba'in ɗin nan ba ta san nauyin yarinyar ba. In ta yi kuka a kawo mata ta sha, in ta ƙoshi a ɗauke. Gwaggo ce mai wanka, kaka ce mai goyo, ƙannen gida suna rububin wanke tsumma. Ita aikinta ci da barci da shan kunun kanwa. Mijinta Tamimu ya zo nan ne karatu, da ya gama ya sami aiki a wani kamfanin aika kaya a unguwar Ulaya, ya yi ta fafutukar takardu har ya ɗauko ta lokacin Baraka tana da shekara ɗaya. Mutanen garinsu suka yi ta yi mata murna, wai ta tafi ƙasa mai tsarki ta huta.

Hutun shi ne ɗaki biyu a hawa na uku, a wani tsohon bene a unguwar Ud, layi uku tsakaninmu. Babu na'urar hawa, sai matakala. Tagar falon bangon wani benen take kallo. Wata shida na shekara yaro ba ya leƙa waje da rana, don zafin garin nan ba ya wasa da kowa. Tamimu yakan fita bayan asuba, ba ya dawowa sai an idar da isha'i, ranar Juma'a kuwa da ya sauko daga masallaci sai ya zube kamar buhu. Ba mugun mutum ba ne, kar a ce na ce. Gajiyayye ne kawai yake auren gajiyayya.

A nan ta haifi tagwayenta, Hassana da Usaina. Kwana uku aka sallame ta daga asibiti. Mata sun je barka, an yi suna, kowa ta koma gidanta, don kowa da nata. Ita ta riƙa haɗa wa kanta ruwan wankan jego, ita ta dama wa kanta kunu, in ɗaya ta yi barci ɗaya ta tashi, in duka biyun sun yi shiru Baraka ta ce yunwa take ji. Da na tambaye ta awa nawa take samu na barci, sai ta ce, "Alhamdu lillahi." Na ce ba abin da na tambaye ki ke nan ba. Ta ce, "To, ana dai taɓawa."

Akwai wata dattijuwa 'yar Sudan a ƙofar da ke kallon tata. Matar nan ta taɓa ƙwanƙwasa mata ƙofa ta ce ta kawo ɗaya ta riƙe mata. Safiyya ta yi murmushi ta ce a'a, ta gode. Matar ta ce to, ta koma ɗakinta, ba ta ƙara tayi ba. Safiyya ta yi wata guda tana jiran tayi na biyu. Mu a wurinmu ai sai an yi maka tayi sau uku kana ƙi, a na huɗu a ƙwace abin daga hannunka kana cewa wallahi da kin bar shi. Mutanen nan ba su san wannan ba. In ka ce a'a, sun ɗauka a'a kake nufi.

Kuma kar a ce ba ta nemi mafita ba, ta nema daidai ƙarfinta. Wata Asabar Tamimu ya kai ta gidan rainon yara, hadana suke ce masa. Aka tambaye su iƙamar tagwaye, wato katin zama, alhali takardunsu ba su fito ba, sannan aka faɗi abin da ake biya, suka yi godiya suka fito. Ta ji labarin wata makarantar haddar Alƙur'ani ta mata mai ɗakin yara, ta je da murnarta, aka ce sai yaron da ya fara tafiya. Da jiri ya dame ta ta je ƙaramin asibitin unguwa, likitar, wata Bamisriya, ta duba idonta ta rubuta mata maganin ƙarin jini, ta dafa ta ta ce, "Nami, ya mama, nami." Wai ta riƙa yin barci. Kamar a kantin unguwa ake sayar da shi.

Abin da ya jawo maganar da nake son bayarwa ya faru ne wata Alhamis da la'asar, tagwaye suna da wata bakwai. Tana zaune a ƙasa tana ba su nono, barci ya sace ta. Baraka ta jawo kujera, ta hau, ta murɗa makulli, ta sauka hawa uku ita kaɗai ba ko takalmi. Mai kantin da ke ƙasan benen ne ya tsinto ta a bakin titi, motoci na wucewa. Da ya hawo da ita ya tarar da ƙofa a buɗe, uwar na zaune kanta ya rataya a ƙirji, sai da ya yi sallama uku. Shi ne kuma ya tare Tamimu da labarin kafin ya hau sama.

Tamimu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Waya ya ɗauka ya kira surukarsa a Mani. Tsohuwa ta ce, "A kawo mini ita. Da ma tawa ce, aro na ba ku." Hutunsa na shekara saura wata guda, kuma shi kaɗai zai je, tunda tagwaye ba su da takardar fita, uwarsu kuwa ba ta motsawa ba tare da su ba. Aka tsayar da magana a kan zai tafi da Baraka ya baro ta wurin kakarta.

A bakin maigidana, Malam Jibrin, na ji, don masallacinsu ɗaya da Tamimu. Washegari na hau benen nan ina haki. Na tarar da ita tana ninke kayan yarinyar.

Na ce, "Ke kin yarda?"

"Duk yadda suka yi daidai ne, Yaya."

"Ba su na tambaya ba."

Ta ci gaba da ninke kayan. Abin da ya ɗaure mata baki na san shi. Baraka 'yar fari ce, Safiyya kuwa irin tarbiyyar da ce, ko sunanta ba ta faɗa, sai dai "yarinyar nan." Yaya za ta buɗe baki ta ce wa mahaifiyarta ba za ta ba ta 'yar fari ba? Ai sai a yi da ita a gari. Ta ninke wata 'yar riga, ta warware, ta sake ninkewa. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Tun da na zo ƙasar nan, ita kaɗai ce nake magana da ita da rana."

Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Na koma gida na tasa Malam gaba, na ce ya je ya roƙi Tamimu ya ba mu watan nan. Ya je. Tamimu ya ce shi ma ba son rabuwa da 'yarsa yake yi ba, tsoro yake ji. In ya ga matarsa ta murmure kafin ranar tafiya, zai bar yarinyar. Sai na kira ƙawata Zeinabou, mutuniyar Damagaram da ke zaune a Shifa, wadda mijinta ke hutu ranar Litinin kuma yana da mota. Muka shirya cewa duk Litinin za mu kwashe yaran uku tun da safe mu kawo su gidana, ba za mu mayar ba sai la'asar. Litinin huɗu ke gabanmu. Na ɗauka abin mai sauƙi ne, mace ta gaji, a ɗauke mata yara, ta kwanta.

Litinin ta farko muka isa da ƙarfe takwas. Tun daga matakala muka jiyo ƙamshin turaren wuta. Falo an goge shi har yana ƙyalli, yara an yi musu wanka an shafe su da mai, an yi wa Baraka sabon kitso. A tsakiyar tabarma kuwa ga waina da miyar taushe, ga kunun gyaɗa, ga wata kula daban an ɗaure da ɗankwali, wai ta su Kamil in sun dawo daga makaranta.

Na ce, "Safiyya, mene ne wannan?"

"Haba Yaya, za ku hau benen nan saboda ni, ku sauka haka nan?"

"Tun yaushe kike tsaye?"

"Ban daɗe ba."

Ƙullun waina ai tun jiya ake jiƙa shi, wa za ta yi wa wayo? Amma bari in faɗi laifina tun kafin wani ya faɗa. Mun zauna mun ci. Zeinabou har da lumshe ido tana cewa rabonta da irin wannan waina tun tana gida, ni ma na ce Katsinawa ko ba su iya komai ba sun iya wannan. Fuskar Safiyya ta yi haske, mu kuma ba mu san mun ƙara mata aiki ba ne. Da la'asar da muka dawo da yaran, mun tarar ta sauke labulaye ta wanke, ta soya cincin cike da bokiti, rabi nawa rabi na Zeinabou. Hutun da muka ba ta, a kanmu ta ƙarar da shi.

Kafin Litinin ta biyu na kira ta na ja mata kunne. Ta ce to. Muka zo muka tarar da alkubus. Raina ya ɓaci. Na wuce kicin kai tsaye, na durƙusa, na kwance kan tukunyar gas na jefa a jakata.

"Yaya, da me zan dafa abincin dare?"

"Zan zo da shi. Halas, magana ta ƙare. Ki rufe ƙofa ki kwanta."

Duk yinin ranar ina ta yi wa Zeinabou alfahari, ina cewa yau na yi maganin Bakatsiniya. Da muka koma, tun kafin mu ƙwanƙwasa ta buɗe, ashe tana zaune a bayan ƙofar. Idanunta sun yi ja sun kumbura. Kayan mijinta kaf, har da waɗanda ba ya sawa, an goge an jera a kan kujera.

"Ba ki yi barcin ba?"

"Na kwanta, Yaya. Wallahi na kwanta." Ta karɓi Usaina ta rungume ta. "Gidan ne ya yi shiru. Da na rufe ido sai in ji kamar ɗaya na kuka, in zabura in duba, babu kowa. Ni tun da aka haife ni ban taɓa kwanciya a gida ni kaɗai ba. A gidanmu ana daka ana faɗa ake barci."

Na tsaya da kan gas a hannu kamar wata sakarya. Shekara goma sha huɗu a bene sun sa na manta. Ni yanzu shiru nake nema ido rufe, na ɗauka kowa haka yake. Ashe ba rashin yaran take bukata ba. So take ta ji kukansu, ta kuma ji wani ya ɗauka.

Don haka Litinin ta uku na ce har ita za a zo gidana. Nan ma ban yi dogon tunani ba. Tunda za ta je gidan mutane, ai ba ta zuwa hannu rabbana, sai ta yini ranar Lahadi a tsaye tana yi wa yarana dambun nama. Da ta zo kuma ta zama baƙuwar kirki. Kafin in juya ta shige kicin ta kama wanke-wanke. Na ce ta bari, ta ce saura kaɗan. Na gyara mata gadona na ce, "Ko za ki ɗan kishingiɗa?" Ta ce subhanallahi, gadon Malam? Na shimfiɗa mata katifa a ɗakin yara, ta ce ba ta jin barci. Zeinabou ta roƙa, na roƙa, har da haɗa ta da Allah. Ta zauna a bakin kujera tana gyangyaɗi, da an kalle ta sai ta washe baki ta ce hira ce ta yi daɗi.

Da yamma mijin Zeinabou ya sauke su a ƙofar benensu. Tana hawa, Hassana a baya, Usaina a hannu, Baraka na gaba, jiri ya ɗebe ta a hawa na biyu. Allah ya sa gaba ta faɗi, ta kare Usaina da gwiwar hannunta, goshinta ya bugi matakala ya fashe. Yaran ko ƙwarzane. Dattijuwar nan 'yar Sudan ce ta jiyo kukan Baraka ta fito, ita ta kira Tamimu daga wurin aiki. Ɗinki huɗu aka yi mata.

Na je dubiya na dawo ina ta masifa ni kaɗai, ina cewa wace irin mace ce wannan da za a ce ga hutu ta ce ba ta so. Da na kira Zeinabou ina zazzaga mata, sai ta bari na gama, sannan ta ce, "Jamilatu, ke ce ba ki gane ba. Tayi kike yi mata. Uwarta tayi take yi mata? In kina son ɗiyar nan ta kwanta, ki bar zama ƙawarta."

Na kwana biyu ina juya maganar. Gaskiya ta faɗa. Duk abin da muka yi wa Safiyya alheri ne daga baƙi, alherin baƙo kuwa sai an rama. Abin da ba a ramawa shi ne na wanda yake da iko da kai.

Litinin ta huɗu na gayyaci mata biyu na layinmu, Zeinabou ta zo da ƙananan yaranta, gida ya cika. Safiyya ta shigo da filasta a goshi, da wata leda a hannu. Ban ko duba abin da ke ciki ba. Na ɗauko turmin atamfa da na ajiye tun zuwana gida na ƙarshe, na ɗora mata a cinya a gaban kowa.

Na ce, "Ku shaida, daga yau Safiyya 'yar ɗakina ce, ni ce uwar ɗakinta a garin nan. Ko akwai mai ja?"

Matan suka ɗauki guɗa. Safiyya ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta fara, "Kai, Yaya, wannan ɗawainiya..."

"Rufe mini baki. 'Yar ɗaki ba ta yi wa uwar ɗakinta musu. Miƙo yaran nan. Tashi ki shiga ɗakin can ki kwanta, kar in ƙara ganin ƙafarki a kicin ɗina. Yalla!"

Ta dube ni, ta ga babu wasa a fuskata. Sai dariyar ta koma kuka, irin marar sautin nan. Ta miƙe ta shiga. Katifar ma ba ta hau ba, a kan darduma ta kwanta. Na bar ƙofar a buɗe da gangan. Muka buɗe hira da ƙarfi, Zeinabou ta ɗauko ɗan turmina ta hau dakan yaji, yara suna faɗa da Larabci a kan wata motar roba, Hassana ta tsala kuka wata ta ɗauke ta tana jijjigawa. Na leƙa bayan minti biyar. Bakinta a buɗe, hannu ɗaya a ƙarƙashin kai, ta yi nisa.

Da tagwaye suka nemi nono, Zeinabou ta kai su ɗaya bayan ɗaya ta kwantar a jikinta, suka sha, ta ɗauko su, uwar ba ta ko motsa ba. Da azahar na tashe ta ta yi salla, ta ci loma uku, na ce koma, ta koma. Ba ta farka ba sai da rana ta yi sanyi. Ta fito da shatin darduma a kumatu tana tambayar wace rana ce yau. Muka yi mata dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na ce a raina mun ci nasara.

Bayan magariba Tamimu ya zo ɗaukar su. Ina jiyo su da Malam a bakin ƙofa suna magana ƙasa-ƙasa, sai Malam ya leƙo ya ce in zo. Na ja mayafi na tsaya a bayan labule. Tamimu ya gaishe ni da ladabi, ya yi godiya, sannan ya ce tun washegarin faɗuwar nan ya gama wa Baraka takardar fita. Tsohuwa ta sani, har ta sa an gyara mata wurin kwana. Jirginsu ranar Alhamis ne.

Na ce, "Malam Tamimu, ai ba haka muka yi da kai ba. Wata guda ka ba mu. Yau matarka ta yi barcin awa bakwai a gidan nan, shiga ka ga fuskarta."

Ya ce, "Na gode, Maman Kamil, Allah ya saka da alheri. Amma Litinin ɗaya ce a mako. Sauran kwana shidan fa? Ina wurin aiki, duk wayar da ta shigo sai gabana ya faɗi. Wancan karon titi ne, wannan karon matakala. Na uku nake jira?"

Na so in ce za mu ƙara da Alhamis, za mu ƙara da Asabar, amma na san Zeinabou daga Shifa take zuwa, ni ma ga nawa yaran, ga ciwon bayan da nake fama da shi. Na waiwaya. Safiyya tana tsaye a bayana, ta ji komai. Na yi mata ido, na ce a raina yi magana mana, yau ɗaya dai. Ta buɗe baki, ta dubi Malam, ta dubi matan da ke falo, sai ta sunkuya ta hau sa wa Baraka takalmi.

Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina. Da a Litinin ta farko na yi abin da na yi a ta huɗu, da ba ta yini a kan dambun nama ba, da ba ta faɗi ba. Mun zauna muna cin waina muna santi, mako uku suka wuce.

Ranar Alhamis na je tun da hantsi. Ta yi wa yarinyar kitso ƙanana, irin mai daɗewa, ta sa mata lalle. Baraka sai tsalle take yi, za ta hau jirgi. Safiyya ba ta bi su filin jirgi ba. A saman matakala ta tsaya da Usaina a hannu, ta ce, "To, ki gaida Inna. Ban da ƙiriniya." Shi ke nan abin da ta ce. Muka tsaya muna jin takunsu har ƙasa. Sannan ta shiga ta ɗora mini ruwan shayi, na bar ta, don na ga hannunta yana neman abin yi.

Wata biyar ke nan yanzu. Litinin ba ta fasa ba, mun ma ƙara da Alhamis in Allah ya ba da iko. Tana zuwa hannu rabbana, ta miƙa yara, ta wuce ɗaki ba sai an ce ba. Na kuma je na sami dattijuwar nan 'yar Sudan na yi mata bayani da guntun Larabcina, na ce kar ta ƙara tambaya, ta shiga kawai ta ɗauka. Ta yi ta dariya tana tafa hannu, ta ce me ya sa ba a gaya mata tun farko ba. Yanzu kullum da hantsi sai ta ƙwanƙwasa ta saɓi ɗaya ta tafi da ita. Takardun tagwaye har yau ana cewa sai wani watan. Baraka kuwa ta yi ɓul-ɓul a Mani, bakinta ya juye Katsinanci. In an kira ta a waya takan tsaya ta ce ina wuni, sai ta hango yara a tsakar gida ta ajiye wayar ta ruga, a bar uwar tana kallon rufin ɗaki.

Litinin da ta wuce Safiyya ta zo, amma ba ta wuce ɗaki ba. Ta zauna a bakin kicin ina yankan albasa. Ta yi kyau, kumatunta sun dawo, duk wanda ya gan ta sai ya faɗa. Na zuba mata abinci ta ture.

Na ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Yaya, jiya bayan azahar tagwaye suka yi barci tare. Ni ma na kwanta. Ban yi firgigit ko sau ɗaya ba, sai kiran la'asar na ji. Na tashi garau, jikina babu inda yake ciwo." Ta murza gefen mayafinta. "Na ji daɗin barcin nan, Yaya. Har na ce alhamdu lillahi, sannan na tuna abin da ya sa na same shi. Tun jiyan na kasa cin komai."

Na ajiye wuƙar. Sai na goge hannuna na zauna kusa da ita a ƙasa, albasar tana jira.